Aiki ta intanet daga ƙauyen tsibiri a Girka: wa ya taɓa gwadawa?

Kabiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga mu fita. Ina yi wa wani kamfanin ƙasar Holan aikin rubuta manhaja daga nan Kaduna, kuma ba ruwansu da inda nake kwana muddin aikinsu na tafiya. Kuɗin dizal da ɗaukewar wuta sun ishe ni. Na ji Girka na ba masu aiki daga nesa biza ta musamman. Ni ba birni nake so ba, ƙauye nake so a ɗaya daga cikin tsibiran nan, ni da maiɗakina da yaronmu. Akwai wanda ya san yadda abin yake a zahiri?

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam. Kai Kabiru, mutum ya bar Kaduna ya tafi ƙauyen da ruwa ya kewaye ta ko'ina? In shiru kake nema ka zo in ba ka ɗaki a gonata.

Nura: Alhaji, bari in amsa masa tunda ni ina ciki. Malam Kabiru, ina zaune a wani ƙauye na kan dutse a tsibirin Naksos, mafi girma a rukunin tsibiran Kikiladis, mutanensa wajen 20,000. Mu fara da takarda, don a nan da yawa suke tsayawa. Bizar ta fito ne a dokar 2021. Sharaɗin farko, ka nuna kana samun aƙalla yuro 3,500 a wata bayan an cire haraji. In da mata, a ƙara kashi 20 cikin ɗari, kowane yaro kuma kashi 15. Kai da iyali da yaro ɗaya ke nan yuro 4,725 duk wata. Bizar ta shekara ɗaya ce, in kana son zarcewa sai ka nemi takardar zama ta shekara biyu, wadda ake iya sabuntawa. Ba ka da izinin yi wa wani kamfanin Girka aiki, dole mai biyanka ya kasance a waje. Sai inshorar lafiya, da takardar shaidar cewa ba ka da laifi, da kwantiragin aikinka. Daga ofishin jakadancinsu na Abuja za ka fara, kuma a bakinsu za ka ji sharuɗɗan da ke aiki a ranar da ka je, don suna taɓa ƙa'idojin lokaci zuwa lokaci.

Alhaji Sani: Yuro dubu huɗu da ɗari bakwai! Wanda ke da wannan a wata me zai kai shi zaman haya a ƙasar wasu? Ka sa sola ta gani ta faɗa, ka ɗaura farantin intanet a kan rufi, ka zauna cikin danginka.

Kabiru: Alhaji ai lissafin da ni ma nake yi ke nan. Amma akwai maganar kusanci da ofis, wani lokaci sukan kira taro a Amsterdam, kuma kowace tafiya sai an sake layin biza.

Nura: Wannan dalili ne mai ƙarfi, don da takardar zaman Girka kana iya shiga sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har da Holan, na kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Sai dai abin da nake so ka riƙe shi ne, hotunan da kake gani na fararen gidaje da shuɗin teku duk na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba. Ragowar wata takwas ɗin ba wanda ke ɗaukar hotonsu, kuma su ne zaman.

Intanet ba ita ce matsalar ba, ko da yake ita kowa ke fara tambaya. A babban garin tsibirin layi yana da kyau. A ƙauyen dutse ya danganta da gidan: wani layin waya ne tsoho mai jan ƙafa, wani kuma bangonsa na dutse ya yi kaurin da siginar waya ba ta ratsa shi sai ka zauna bakin taga. Ni na haɗa layin gida da na waya, wasu kuma Starlink suka sa. Wuta tana nan, tun 2020 aka haɗa Naksos da babban layin ƙasa ta wayar ƙarƙashin teku, amma in iska ta haukace takan ɗauke na ɗan lokaci, don haka ƙaramin batir na ajiya ba ya rabuwa da teburina. Bambancin lokaci da gida kuma ba komai: awa ɗaya suke gaban Najeriya da sanyi, awa biyu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Da Holan kuwa awa ɗaya ne kullum.

Matsalar gaske gida ne. Za ka ga talla, gida mai kyau, haya da sauƙi, ka yi murna. Karanta da kyau, za ka tarar an rubuta daga Oktoba zuwa Mayu. Da Yuni ta kama mai gida zai ce ka tattara, don abin da zai samu a wurin 'yan yawon buɗe ido a mako guda ya kai ko ya fi hayarka ta wata. Gidan da za a ba ka na shekara cur, da kwantiragin da aka yi wa rajista a hukumar haraji, shi ne wahalar samu, kuma irin wannan kwantiragin ake so ka nuna a matsayin adireshinka. Sannan yawancin gidajen an gina su ne don zafi. Da sanyi ake ruwan sama a can, bango ya jiƙe, kaya su yi fumfuna a cikin kwaba, ka kunna na'urar ɗumama ɗaki kuɗin wuta ya tashi. Sanyin bai kai na Jamus ba a ma'auni, amma a Jamus cikin ɗaki da ɗumi.

Hajiya Binta: Nura ya faɗi gaskiya a kan gida, amma ya tsallake rabin maganar. Ni a Atens, babban birnin ƙasar, nake tun kafin rikicin bashin 2010, 'ya'yana a nan suka yi makaranta. Duk watan Satumba sai an nuna a talabijin malaman makaranta da likitocin da gwamnati ta tura tsibirai sun rasa wurin kwana, har da masu kwana a mota. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan yuro 880 aka sa shi a Afrilun 2025, kafin a cire komai. To kai da aka ce sai kana da 3,500 kafin ma a buɗe maka ƙofa, kusan ninki huɗu ke nan. In ku biyu kuka je neman gida ɗaya, kai da malamar da za ta koyar da yaran ƙauyen, wa kake jin mai gida zai ba?

Musa Maraɗi: Hajiya, da girmamawa, wannan ba laifin Kabiru ba ne. Gwamnatinsu ce ta kira mutane. Kuma mai zama shekara cur ya fi wa ƙauye amfani a kan mai zuwa kwana biyar. Shi ne zai sayi burodi a watan Janairu lokacin da ba kowa.

Hajiya Binta: Ban ce laifinsa ba ne, ɗana. Na ce ya san inda zai sa ƙafa. Mutanen ƙauye suna lissafi ko ba su faɗa ba.

Nura: Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma na fi karkata wajen Hajiya. Ƙauyukan dutse sun zube, matasa sun koma bakin teku ko Atens, gidaje da yawa a kulle suke, magada sun kai goma, an kasa sayarwa an kasa gyarawa. In ka ɗauki irin wannan gidan ka raya shi, ka sa yaro a makarantar da ke neman ɗalibai, za su ɗauke ka hannu bibbiyu. In kuwa ka je ka ƙara kuɗi a kan gidan da ɗan gari ke nema a cikin babban gari, za a gaishe ka, amma shi ke nan.

Musa Maraɗi: To ga wani abin da zai rage masa zafi. Na ji Girka na yafe rabin haraji na shekara bakwai ga wanda ya koma can da aikinsa.

Aliyu Akanta: Malam Musa, a nan mutane ke faɗawa rami. Rangwamen gaskiya ne, an kawo shi a ƙarshen 2020, rabin harajin kuɗin shiga na shekara bakwai. Amma an yi shi ne don wanda ya mayar da zaman harajinsa Girka ya kama sabon aiki da kamfanin da ke Girka, ko ya buɗe sana'ar kansa a can, kuma akwai sharaɗi a kan ƙasar da ka fito. Ita kuwa bizar da Kabiru ke magana ta hana shi aiki da kamfanin Girka. Kun ga hanyoyin biyu ba su cika haɗuwa ba. Abin da ya tabbata shi ne, in ka wuce kwana 183 a ƙasar, a idon doka kai mai biyan haraji ne a can, kuma harajin mai irin wannan albashin ba wasa ba ne. Kafin ka sayi tikiti ka biya akanta ɗan Girka ya zauna da takardunka. Ka kuma tambayi kamfaninka, don wasu sun yarda ka yi aiki daga Kaduna amma ba za su yarda ka zauna a wata ƙasar Turai ba, saboda nauyin da zai hau kansu.

Kabiru: Wannan na ƙarshen ban taɓa tunaninsa ba wallahi. Na gode, Yaya Aliyu.

Nura: Kuma duk abin da za ka yi sai da lambar haraji, AFM suke ce mata. Haya, layin intanet, asusun banki, duk ita za a fara tambaya. Takardun aure da na haihuwar yaro ka sa a buga musu hatimi tun a Abuja, a can kuma a fassara su zuwa Girkanci a wurin mai fassarar da hukuma ta sani. Wasu abubuwan ana yi ta shafin intanet na gwamnati, gov.gr, wasu sai ka hau jirgi.

Tunda na ambaci jirgi: daga tashar Pireyas ta Atens zuwa Naksos awa biyar da wani abu ne a babban jirgin ruwa, masu gudu kuma sun fi sauri amma yawancinsu da zafi suke aiki. Da sanyi, in iska ta kai wani mataki, hukumar tashar ruwa takan hana jirage tashi. Kwana ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. Kanti ya fara yin fayau, saƙonka ya maƙale, in kana da jirgin sama a Atens ka yi ta kallon teku. Akwai ƙaramin filin jirgin sama a tsibirin, amma kujerun ba su da yawa. Ko da zafi ma akwai iskar arewa ta Yuli da Agusta mai kaɗa jirgi har cikin mutum ya juya. Duk taron da ke da muhimmanci, kwana biyu kafin lokaci nake tsallakawa.

Maman Ilham: Duk kun yi ta maganar maigida da kwamfutarsa. Ita matar fa? Shi yana da taro da abokan aiki daga safe zuwa yamma. Ita wa za ta yi wa magana? Ba Hausa, ba Turanci sosai a bakin tsofaffi, ba maƙwabciyar da za ta leƙa, ba biki ba suna. Malam Kabiru, ka tambaye ta kuwa, ko dai ka gaya mata ne kawai?

Kabiru: Anti, mun yi maganar. Ita ma tana so, amma gaskiya hotunan nan muka gani tare.

Maman Ilham: To ka karanta mata abin da Nura ya rubuta a kan wata takwas ɗin. Sannan asibiti. In ciki ya zo fa?

Nura: Tambayar Anti ita ce ta fi duk wadda aka yi. A ƙauye akwai ɗan ɗakin shan magani, likita na zuwa wasu ranaku, galibi matashi ne da ke yin hidimar karkara bayan gama karatu. A babban gari akwai asibiti. Abin da ya fi ƙarfinsu sai a ɗauki mutum a jirgi mai saukar ungulu zuwa Atens ko tsibirin Siros. A ƙananan tsibirai mata da yawa sukan koma Atens makonni kafin haihuwa su jira a can. Don haka ka duba inshorarka ta ƙunshi ɗaukar mara lafiya ta sama.

Zancen kaɗaici kuwa, ni iyalina ba ta zauna da ni duk shekara, kuma dalilin ke nan. Amma kada in zalunci mutanen. Tambayar farko da tsoho zai yi maka a ƙauye ita ce ɗan gidan wa ne kai, kamar dai a ƙauyukanmu. In suka san ka, za ka buɗe ƙofa ka tarar da ledar dankali ko lemun tsami ko ƙwai an rataye, ba ka san wa ya ajiye ba. Dankalin Naksos da cukunsu sun yi suna a duk ƙasar. Sai dai ba a saninka daga bayan kwamfuta. Sai ka fito ka zauna a shagon kofi na dandali, ka koyi gaisuwa, ka je jana'iza, ka taya tsinkar zaitun a watan Nuwamba. Kuma ka kiyaye lokacin hutun rana, daga ƙarfe uku zuwa biyar da rabi da zafi, doka ce ba al'ada kawai ba. Kada ka zauna a baranda kana ɗaga murya a taron bidiyo a wannan lokacin.

Alhaji Sani: Ni duk ba wannan ba. Juma'a fa? Nama fa? In mutum ya mutu fa?

Abdul Rodos: Alhaji ya zo wurin da nake jira. Kabiru, in addini na cikin lissafinka, kuma na san yana ciki, to ba duk tsibiri ne ɗaya ba. Kikiladis, inda Nura yake, ba masallaci. Rodos da Kos kuwa akwai Musulmi 'yan asalin wurin masu jin Turkanci tun zamanin Usmaniyya. A tsohon garin Rodos masallacin Ibrahim Pasha, ginin ƙarni na 16, ana salla a cikinsa har yau, kuma akwai maƙabartar Musulmi. A Kos akwai ƙauyen Platani inda Musulmi da Kirista ke zaune tare. Kana iya zama a ƙauye a Rodos ka shigo gari Juma'a da mota. Ga babban asibiti, ga filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Ni ban ga abin da zai kai mai iyali kan dutse a Naksos ba.

Nura: Malam Abdul, tallar tsibirinku kake yi. Amma ban musa ba. Mu nan mukan haɗu da masunta 'yan Masar da 'yan Pakistan masu aikin gona da gini, a yi jam'i a ɗaki. Idi kuwa sai Atens.

Hajiya Binta: Atens ɗin ma sai a Nuwamban 2020 aka buɗe masallacin hukuma na farko, a unguwar Votanikos. Kafin nan duk a ɗakunan ƙasa da gareji muke salla, kuma har yanzu yawanci a can ake yi don masallacin ƙarami ne. Zancen mutuwa da Alhaji ya kawo ba abin dariya ba ne. Shekara da shekaru gawar Musulmi daga Atens sai dai a kai ta Tiras, can arewa wajen Komotini da Ksanti inda Musulmi ke da yawa, ko a haɗa kuɗi a mayar da ita gida. Na sha shiga irin wannan karo-karon.

Nama kuma, a 2021 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta soke izinin yanka ba tare da an sumar da dabba ba. A Atens akwai shagunan halal. A ƙauye kuwa, naman da ake gasawa a tsinke ko a naɗe a burodi, in ba ka tambaya ba, alade ne. Wasu miyar kuma da giya ake dafa su.

Musa Maraɗi: Ai yankan Ahlul Kitabi ya halatta.

Alhaji Sani: In an yanka ɗin. Ka san yadda aka yi da ita kafin wuƙa?

Abdul Rodos: Don Allah kada mu buɗe wannan babin, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan ƙara shi ne, abincinsu na azumi ya yi mana daidai. Kafin bikin Ista na Kirista suna yin kwana arba'in da wani abu ba nama ba madara, kuma ko a wajen lokacin akwai wake, da adas, da ganye da man zaitun a kowane gidan abinci. Ga kifi. Mutum ba zai mutu da yunwa ba. Yaji da daddawa da kuka dai ka cika jaka da su.

Kabiru: Saura tambaya ɗaya da nake ta jin nauyin yi. Baƙar fata a ƙauyen da ba su saba gani ba, yaya abin yake?

Nura: Za a kalle ka, sosai ma, musamman da farko. A tashar jirgi ana iya tsayar da kai a nemi takarda a bar na bayanka ya wuce, don haka katin zamana ba ya barin aljihuna. Da yawa za su ɗauka aikin gona ka zo nema, in ka ce da kwamfuta kake aiki sai a yi shiru ana juya maganar. Da ka ce Najeriya kuwa, sunan da zai fito shi ne Yanis Antetokumbo, ɗan ƙwallon kwandon Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne.

Hajiya Binta: Wanda aka haifa a Atens a 1994, ya tashi a unguwar Sepoliya yana tallar kaya a titi, bai samu takardar zama ɗan ƙasa ba sai 2013, ana gab da ɗaukarsa zuwa Amurka. Su ma sun san wannan ɓangaren labarin, ba su dai cika son a tuna musu ba. Hijabi kuma a ƙauye bai tayar da hankali yadda za ka zata, tsofaffin matansu ma suna ɗaura kallabi. A makaranta akwai darasin addinin Kirista na ɗarikar Otodoks, amma kana da damar neman a cire ɗanka.

Abdul Rodos: Nura bai faɗa maka zancen ruwa ba. A 2024 madatsar ruwan Naksos ta kusa ƙafewa, har labaran duniya suka ɗauka.

Nura: An yi haka, manoman dankali sun ji jiki, aka ƙaro injinan tace ruwan teku. Ku kuma gobarar daji ta Yulin 2023 fa, da aka kwashe dubban mutane daga kudancin Rodos? Kowa da nasa. Kabiru, shawarata ita ce kada ka sa hannu a kan komai daga Kaduna. In ka samu hali ka fara zuwa kai kaɗai, a watan Janairu ko Fabrairu, ka kama ɗaki na ɗan lokaci a ƙauyen da kake so. Ka gwada intanet ɗin a cikin ɗakin da za ka yi aiki, ba a dandali ba. Ka taɓa bango ka ji ko da danshi. Ka tambayi mai gida a gaban shaida ko watan Agusta na cikin hayar.

Maman Ilham: Ba shi kaɗai ba. Da ita za su je, ita ce za ta wuni a gidan.

Alhaji Sani: Ɗakin gonata dai yana nan, kuma ba na tashin ɗan haya a watan Yuni.

Kabiru: Allah ya saka da alheri, Alhaji, a ajiye mini shi. Gobe zan fara rubuta wa ofishinmu in ji ko sun yarda da zama a Girka kafin in taɓa maganar biza. Malam Abdul, zan bi ka ta akwatin sirri, ina son sunayen ƙauyukan da ba su fi rabin awa zuwa garin Rodos ba, da waɗanda makarantarsu ta firamare ke aiki.

Abdul Rodos: Turo. Amma ka haɗa da shekarun yaron, don in ya kai huɗu dole ne ya shiga ajin share fage, kuma ba kowane ƙauye ke da shi ba.